Motar da ta lotse ita ta kare mai ita

A tashar Dambatta ko ta Bichi, duk ranar da aka jawo motar da ta yi karo gabanta ya tattare kamar tsumma, magana ɗaya ake yi: motocin yanzu gwangwani ne, da Fijo ce ko gezau ba za ta yi ba. Zancen bai rasa gaskiya ba. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 ta sha wuyar hanyoyin karkara ta jure, gaban motar yau kuwa karo kaɗan ke lotsa shi, ga tsadar gyara. Inda aka kauce shi ne ɗaukar taurin mota a matsayin kariya ga na cikinta.

Ƙarfin da mota ke ɗauke da shi a guje ba ya ɓacewa don ta tsaya, dole wani abu ya shanye shi. Karo da kuka a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Gudun ya ninka, tsayin ya kusa mita 40. To, wa zai sha wannan? Ka lanƙwasa waya gaba da baya sau goma ka taɓa gurbin, za ka ji zafi: ƙarfin hannunka ne ƙarfen ya cinye. Gaban motar da ya tattare aikin da ya yi ke nan, ya kuma ja lokacin tsayawar, kamar yadda tulu ke tsira idan ya faɗi kan yashi amma ya tarwatse a kan daɓe. Ko a ƙafar mota haka ne. Sifirin ajiya kawai yake yi, abin da ya karɓa shi yake mayarwa, taya da gangar jikin mota su yi ta miƙa wa juna girgiza. Shokabzoba ce ke matse mai ta ƙananan kafofi ta mai da girgizar zafi, shi ya sa za ka ji ta da ɗumi bayan hanya mai gargada, ranar da ta mutu kuma mota ta yi ta lilo.

Lotsewar nan da gangan ce. Injiniya Béla Barényi ya yi rajistar dabarar a Jamus a 1952, Mercedes ta fara sayar da motoci masu ita a 1959: gaba da baya su tattare, ɗakin fasinja ya tsaya ƙyam. A 2009 a Amurka an gwara Chevrolet ƙirar 1959 da ta 2009, sai ɗakin direban tsohuwar ya rufta, na sabuwar bai rufta ba.

Wani zai ce ai an ga waɗanda suka fito lafiya daga Fijo. An gani, amma waɗanda ba su fito ba ba sa zuwa tasha ba da labari. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na motar da ta taɓa karo aka bubbuge ta aka fesa fenti: ƙarfen da ya lotse sau ɗaya ba ya komawa yadda yake, mai saye ya duba da kyau. Kuma duk wannan dabara ba ta amfanar wanda bai ɗaura bel ba, domin mota za ta tsaya shi ya ci gaba da gudunsa har gilashi. Direban hanyar Kano zuwa Daura, ka ɗaura bel, ka rage wuta.