Sammore: Me Ya Sa Har Yau Babu Allurar Rigakafi?

A 2011 aka shelanta kawar da cutar bushiya daga doron ƙasa albarkacin allurar rigakafi, amma sammore na nan tana karya garke. Dalilin yana cikin jinin saniya. Idan ƙudan tsando ya ciji saniya, ƙwayar cutar ta shiga jini, fararen ƙwayoyin jini sukan ƙera sinadaran garkuwa masu manne wa furotin ɗin da ya lulluɓe ƙwayar, sai manyan ƙwayoyin da ke gadin hanta da saifa su haɗiye duk wadda aka yi wa alama. Zazzaɓi ya sauka. To amma ƙwayar tana da ɗaruruwan irin wannan lulluɓi a ajiye, wani nau'in ma sama da 1,000. Kafin a gama da na farko, tsiraru sun sauya, tamkar ɓarawon da ake cigiya da shuɗiyar riga ya fito da fara. Rigakafi kuwa kama ɗaya yake koya wa jiki ganewa. Da yaƙin ya yi tsawo, masu gadin nan har jajayen ƙwayoyin jinin saniyar suke ci, sai dasashi da cikin fatar ido su yi fari fat, kaluluwa ta kumbura, dabba ta rame.

Saboda haka mafita ita ce rage wa garkuwar jikin dabba nauyi. Wani zai ce ai magungunan Berenil da Samorin suna aiki. Gaskiya ne, amma dukansu sun haura shekara 60 a kasuwa, kuma yawan yin allura ba bisa awo ba, ga jabun magani, ya sa ƙwayar ta fara jure musu a ƙasashen Afirka da dama. Wani kuma zai ce shanu irin Muturu da Ndama, waɗanda ke danne yawan ƙwayar su kuma riƙe jininsu, ƙanana ne, ba su kai Bunaji nono ba. Wannan ma haka ne, ba kuma a ce makiyayi ya sauya garke dare ɗaya ba. Sai dai ko su Ndama juriyarsu raguwa take idan yunwa ta kama su, wanda ke nuna cewa ciyarwa ma magani ce.

Dusa da harawa a bazara, tarkon tsando a mashaya, da allura daidai nauyin dabba a hannun likita, su ne abin da ke hannu yau. Ya kamata gwamnati ta tallafa wa cibiyar binciken sammore ta Kaduna ta kai su har ruga.