Matuƙi da Zafin Rana: Sababbin Dabaru a Jiragen Yaƙi Masu Saukar Ungulu



Duk lokacin da aka ji labarin an sayo wa Rundunar Mayaƙan Sama sababbin jirage masu saukar ungulu, kamar Mi-35M na Rasha, ko T-129 na Turkiyya waɗanda suka fara isowa a 2023, abin da jama'a suka fi tambaya shi ne irin makaman da ke jikinsu. Ni kuwa yau ina so mu dubi mutumin da ke zaune a ciki. A ƙasa irin tamu, mai zafi da ƙura, sau da yawa ƙarfin matuƙi yakan ƙare tun ƙarfin inji bai ƙare ba.

Yadda Ake Sarrafa Jirgin

Matuƙin helikwafta ba ya da gaɓar da ke hutawa. Hannunsa na dama yana riƙe da sanda wadda ke karkatar da babbar farfela gaba ko baya, dama ko hagu. Hannun hagu yana kan wata sandar da ke sa jirgi ya hau ko ya sauka. Ƙafafunsa biyu suna kan matakan da ke sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya, wadda ke hana gangar jirgin juyawa kamar katantanwa. In ya taɓa ɗaya, dole ya gyara sauran nan take.

A tsohon tsari, wanda har yanzu shi ne a yawancin jirage, ƙarafa da igiyoyin ƙarfe ne ke kai motsin hannun matuƙi zuwa farfela, da taimakon matsin mai. A sabon tsari an cire waɗannan ƙarafa. Motsin hannu yakan zama saƙon lantarki, ya bi waya zuwa kwamfuta. Ita kuwa sai ta auna shi da gudun jirgin, da karkatarsa, da bugun iska, sa'an nan ta umarci farfela. Jirgin NH90 na ƙasashen Turai, wanda ya fara tashi a 1995, shi ne helikwaftan farko da aka ƙera da yawa bisa wannan tsari. Hanyoyin saƙon kuma akan yi su ninki-ninki, don in ɗaya ta mutu wata ta ɗauka.

Ina amfanin wannan a wurinmu? Ku tuna ranar 2 ga Fabrairu, 2019, da jirgin da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya kife wajen sauka a Kabba. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Masu bincike sun nuna cewa ƙurar da farfela ta tayar ce ta rufe wa matuƙan ido. Wanda ya san rairayin Jigawa da hazon hunturu ya san wannan haɗari a ƙofar gidanmu yake. Mutumin da bai ga ƙasa ba, jikinsa kan yaudare shi, ya ji kamar a tsaye yake alhali jirgi na zamewa gefe. Na'urar da ke riƙe jirgi cik a wuri guda ba ta dogara da ido, saboda haka ƙura ba ta ruɗa ta.

Zafi da Jikin Matuƙi

A nan Dutse, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai digiri 40. Iska mai wannan zafi ta fi ta digiri 15 rashin kauri da wajen kashi 8 cikin 100, watau farfela ta sami ƙarancin abin turawa, inji kuma ya rage ƙarfi. Ke nan a daidai lokacin da jirgi ya fi wuyar sarrafawa, a lokacin ne matuƙi yake dahuwa cikin ɗakin gilashi, sanye da hular kwano, da rigar da ba ta cin wuta, da sulke.

Domin mu gane matsalarsa, mu tuna da marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, wanda ya sami lambar Rolex a 2000 saboda tukunyarsa ta sanyaya kayan miya. Tukunya ce a cikin tukunya, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani. Ruwan yana bushewa yana tafiya da zafi, kamar dai randa. Haka gumi yake yi wa jikin ɗan Adam. To, a lulluɓe randa da leda a gani ko ruwanta zai yi sanyi. Wannan shi ne halin matuƙi cikin sulke: yana gumi, amma gumin ba ya bushewa. Zafin jikinsa sai ya wuce digiri 37 da aka halicce shi a kai, hankalinsa ya rarrabu, hannunsa ya yi nauyi.

Maganin da aka samo shi ne 'yar shara da ake sawa a jikin fata, an ɗinke ta da siraran tiyo. Wata ƙaramar na'ura a cikin jirgin, mai aiki irin na firji, tana sanyaya ruwa, famfo yana zagaya da shi cikin rigar, ya kwaso zafin jiki ya komo. An fara wannan dabara a Farnborough ta Ingila a farkon shekarun 1960, 'yan sama-jannatin Apollo suka sa irinta a kan wata, daga baya sojan Amurka suka ba matuƙansu a yaƙin Iraƙi. Hikimar ita ce, sanyaya mutum ya fi sanyaya ɗaki sauƙi, balle ɗakin da ƙofarsa ke buɗe saboda bindiga.

Abin da ke Kanmu

Ku ma'aikata, wata rana takardar sayen kaya irin waɗannan za ta iya biyowa ta teburinku. Ku tambaya: a wane zafi aka gwada jirgin? Wa zai gyara kwamfutarsa in ƙura ta shige ta? Kayan gyara na shekara nawa aka haɗa cikin ciniki? Ku kuma ɗalibai, gyaran jirgi yanzu ya koma aikin masu ilmin lantarki da lissafi, kuma akwai Cibiyar Fasaha ta Mayaƙan Sama a Kaduna. Jirgin da ba mu iya gyarawa da hannunmu, aro ne, ko da mun biya kuɗinsa.