Yadda Ake Jera Ƙwayoyin Zarra Ɗaya Bayan Ɗaya Don Waya Ta Kama Sabis

Idan ana hirar waya, abin da aka fi tambaya shi ne girman RAM, kyawun kyamara da ƙarfin batir. Da wuya a ji wanda ya tambayi abin da ke tura muryarsa zuwa dogon ƙarfen sabis da ke can nesa. A wayoyi da yawa, wannan aiki yana hannun wani ɗan ƙaramin cif ne wanda ba da silikon aka yi shi ba. Haɗin sinadarai biyu ne, galiyom da asenik, ana rubuta shi GaAs. Dalilin zaɓensa shi ne ƙwayoyin lantarki sun fi gudu a cikinsa, don haka yana ƙara wa sigina ƙarfi ba tare da ya shanye caji sosai ba. Hanyar da aka bi aka ƙware wajen ƙera shi kuwa ta faro ne daga wata tambaya mai kama da ta wasa: idan ƙwayar zarra ta ƙarfe ta faɗo kan wani abu daskararre, me take yi? Manne wa take, komawa take, ko yawo take a kai?

Don a amsa, sai an samu hanyar harba ƙwayoyin a miƙe. A 1911 Louis Dunoyer na Faransa ya dumama sodiyom a cikin bututun da aka zuƙe iskarsa, ya nuna cewa tururin yana tafiya a layi ɗaya kamar haske. A 1922 Otto Stern da Walther Gerlach suka yi shahararren gwajinsu da irin wannan siririn feshi na azurfa a birnin Frankfurt na Jamus, kuma Stern ya samu kyautar Nobel ta 1943. Duk wannan binciken ilimi ne zalla, babu maganar kasuwa a ciki.

Abin da Arthur ya gano

Inda lamarin ya shafi waya shi ne dakin binciken Bell Labs da ke Amurka. A 1968 John Arthur ya riƙa fesa galiyom da asenik kan zafaffen faifan GaAs, yana auna abin da ya tsaya da abin da ya tashi. Sai ya ga halinsu ya sha bamban. Galiyom kusan duk wanda ya sauka yana zama. Asenik kuwa ba ya zama sai ya tarar da galiyom ya riga shi wurin; idan bai samu ba, sai ya sake tashi.

Wannan ɗan bambanci shi ne komai. GaAs mai kyau yana buƙatar galiyom ɗaya ga kowane asenik ɗaya, kuma auna wannan daidaito da hannu abu ne mai matuƙar wuya. Da wannan sakamako, an huta: a saki asenik ya yi yawa, a kula da adadin galiyom kawai. Faifan da kansa zai karɓi abin da yake buƙata, ragowar ta tafi. Alfred Cho, injiniya haifaffen Beijing da ke aiki a wuri guda, shi ya ɗauki wannan ya mayar da shi hanyar ƙira a farkon shekarun 1970, wadda ake kira MBE a taƙaice.

Cikin na'urar

Na'urar MBE tukunyar ƙarfe ce da aka zuƙe iskarta har ta yi ƙasa da ta waje sau tiriliyoyi. Kada mai karatu ya ɗauka ƙari ne aka yi. Ko da an rage iskar sau biliyan ɗaya, ragowar ta isa ta lulluɓe fuskar faifan cikin kamar daƙiƙa ɗaya, aiki ya lalace. Shi ya sa ake gasa tukunyar kwana da kwanaki kafin a fara, sannan a sanyaya bangon ciki da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, don duk wani datti ya maƙale a can.

A ƙasa akwai ƙananan murhu, kowane da sinadarinsa da murfinsa. Na galiyom yana kaiwa wajen digiri 900 ko fiye, shi kuma faifan ana riƙe shi a kusan digiri 600. Zafin faifan yana da muhimmanci, domin ƙwayar da ta sauka ba nan take take tsayawa ba. Takan yi ta zamewa har ta samu gurbin da ya dace da ita. Idan sanyi ya yi yawa, ta tsaya inda ba wurinta ba. Idan zafi ya yi yawa, ta ƙafe ta tafi.

Gudun aikin kusan shimfiɗa ɗaya ta ƙwayoyin zarra ne a daƙiƙa, wato maikuromita ɗaya a awa. A haka, kaurin silin gashi ɗaya zai ci kwana biyu zuwa huɗu. Amma wannan nawar ita ce amfaninta: tunda murfin murhu yana rufewa cikin ƙasa da daƙiƙa, ana iya tsayar da galiyom a saki alminiyom daidai kan shimfiɗar da ake so. Mai shirya manhaja zai gane abin nan da nan, don jerin umarni ne kawai: buɗe wannan daƙiƙa kaza, rufe, buɗe wancan. Akwai kuma hasken lantarki da ake gogawa a fuskar faifan, wanda ke ƙaruwa yana raguwa duk lokacin da shimfiɗa ɗaya ta cika, sai a riƙa ƙirgawa.

Da irin waɗannan shimfiɗu Takashi Mimura na kamfanin Fujitsu a Japan ya fitar da tiransistan HEMT a 1980. Shi ne ke cikin kan dish ɗin tauraron ɗan'adam yana kamo sigina mai rauni, kuma danginsa sun daɗe suna aiki a sashen eriyar waya.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba duk GaAs da ke waya ba ne ya fito daga MBE. Masana'antu da yawa sun fi son wata hanya mai suna MOCVD, wadda ke amfani da iskar gas kuma ta fi dacewa da ƙira mai yawa. Ƙananan leza irin na Face ID, da Apple ya kawo a iPhone X a 2017, galibi ta nan ake yin su. MBE ta fi rinjaye inda ake son tsabta da daidaito na ƙarshe, da kuma ɗakunan bincike.

Shi kansa galiyom ƙarfe ne mai ban mamaki, yana narkewa a ƙasa da digiri 30 kaɗan, wato ko a tafin hannu. Ba a haƙo shi kai tsaye, yawanci wajen tace ma'adinin alminiyom ake samunsa, kuma Sin ce ke samar da mafi yawansa a duniya. Tun watan Agustan 2023, duk mai son fitar da shi daga ƙasar sai ya nemi lasisin gwamnati.