Mai Hoton Biki a Yamai: Abin Dubawa Kafin a Ba da Kafin Alƙalami

Ɗaurin aure a Yamai ba ya jiran kowa. An kafa rumfa a ƙofar gida, an tare rabin layi da kujerun roba, liman ya zauna tsakanin waliyyai, kafin ka gama gaisawa da mutum uku an shafa fatiha, ana rabon goro da dabino. A bikin ƙanwata a Bukoki, mai hoton da muka ɗauka ya iso lokacin da yara ke tattara tabarmi. Ashe biki uku ya karɓa a Asabar ɗin, ɗaya ma a Harobanda, ƙetaren gadar Kennedy. Muna da hoton amarya kusan ɗari, amma babu ko ɗaya na kawunmu da ya ba da auren, ga shi Allah ya yi masa rasuwa bayan shekara guda.

Shi ya sa tambayar farko ba ta kuɗi ba ce. A tambayi mai hoton: biki nawa ka karɓa ranar, kuma kai za ka zo da kanka ko yaronka za ka turo? Wannan ya fi muhimmanci a watan Sha'aban, lokacin da kowa ke gaggawar aurar da 'ya kafin azumi.

Hotuna goma da ya zuba a Facebook ba shaida ba ne, kowane ɗan kasuwa mafi kyan kayansa yake sawa a gaba. A ce ya nuna biki guda cikakke, tun daga zaman lalle har kai amarya. A nan ake gane gwani, domin hasken Yamai ba ya raga wa ɗan koyo. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, rana tana ƙone farar shadda a hoto har aikin wuyan riga ya ɓace, fuskar mai ita kuma ta dushe a inuwar rumfa. Da dare kuwa, in kuran ya ɗauke ana tsakiyar kai amarya, wanda bai zo da fitilarsa da batir na biyu ba sai dai ya ɗauko muku duhu. A duba launin fata kuma. Akwai masu wanke amarya a kwamfuta har uwar da ta haife ta sai ta ƙura ido kafin ta gane ta. Ni dai ban ga gwaninta a nan ba. Bayan shekara ashirin 'ya'yanta fuskar uwarsu za su nema.

Garin nan ya san darajar hoto tun da daɗewa. Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya yi ta zagaya wuraren shagali na Yamai da kyamararsa a shekarun 1960 da 1970, kamar yadda Malick Sidibé ya yi a Bamako. Yau da hotunan Koudjina ake sanin irin suturar samari da 'yan matan wancan zamani. Da fim yake aiki, kowane ɗauka da kuɗinsa, dole ya san wa zai ɗauka. Mai hoton yau yana iya danna dubu biyu ya tsallake kakar ango. Maganin abin shi ne a haɗa shi da wata gwaggo ko abokin ango da ya san dangi, ya riƙa nuna masa: ga wannan, ga waccan. In gidan ba sa son namiji ya shiga cikin mata ranar foyandi, wato yinin bikin mata, a faɗa tun wuri a nemi mace mai hoto.

Sai ciniki. Jika nawa, na yini nawa, da bidiyo ko babu, hoto nawa za a wanke a sa a albam, yaushe za a kawo. A rubuta a takarda, ko aƙalla a saƙon WhatsApp da za a iya komawa gare shi. Kada a biya duka a gaba, cikon ya jira ranar da kaya suka zo hannu. A kuma karɓi hotunan a kan kile ko katin ajiya, don WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau in ba a matsayin fayil aka tura ba.

Akwai kuma masu hoton da ba a gayyata ba, waɗanda ke ɗaukar baƙi su ruga su wanko su dawo suna talla kafin a watse. Ba laifi, neman halali ne, amma a sanar da baƙi wane ne na gida.

Batun da aka fi mantawa shi ne wa zai ga hotunan. Amarya ta tashi da safe ta tarar da kanta a TikTok ana tallar sutudiyo da ita, ba a tambaye ta ba, ba a tambayi mijinta ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, sai dai kafin a kai ƙara hoton ya riga ya zaga gari. A sa wannan sharaɗi cikin takardar ciniki, layi ɗaya ya isa: ba a wallafa ko ɗaya sai da yardar ma'auratan.