Ƙaramin Lasisi ko Babba: Lissafin da ke Gaban Ma'aikatan Jinya Masu Neman Aiki a Ƙetare

Zuba (Abuja) — A garin Zuba, inda hanyoyin Kaduna da Lokoja da birnin Abuja suka haɗu, 'yan kasuwa sun saba da lissafin jari da riba. Irin wannan lissafi ne ke gaban duk magidancin da ya ɗauki nauyin karatun jinya na ɗansa ko 'yarsa, a Gwagwalada ko wani wuri, sa'an nan aka zo maganar neman aiki a Amurka ko Kanada.

A can, wanda ya yi karatu a Nijeriya baƙo ne, kuma lasisinsa na gida ba ya ba shi izinin taɓa majinyaci. Dole ya nemi sabo, kuma lasisin iri biyu ne. Akwai babba, wato RN, na cikakken ma'aikacin jinya mai rajista, wanda ke tantance halin majinyaci ya kuma tsara yadda za a kula da shi. Akwai kuma ƙarami, wato LPN, wanda mai shi ke aiki ƙarƙashin kulawar likita ko mai babban lasisi, galibi a gidajen kula da tsofaffi. Karatun ƙaramin a Amurka kimanin shekara guda ne.

Ta fuskar kuɗin jarrabawa babu bambanci. Jarrabawar NCLEX, ko ta babban ko ta ƙaramin lasisi, dala 200 ce, da ƙarin dala 150 ga wanda zai rubuta ta a wajen Amurka. Bambancin yana wajen albashi. Bisa ga alƙaluman ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka na watan Mayun 2024, matsakaicin albashin mai babban lasisi dala 93,600 ne a shekara, na mai ƙarami kuwa dala 62,340. Ke nan tazarar ta haura dala 31,000 a kowace shekara.

Sai kuma batun izinin zama. Dokokin Amurka sun sanya masu babban lasisi cikin jerin sana'o'in da ake ƙarancinsu, abin da ke rage wa asibitin da zai ɗauke su matakai wajen nema musu takardar zama ta dindindin. Masu ƙaramin lasisi ba sa cikin wannan jeri. Don haka ƙaramin lasisi ya fi amfani ga wanda ya riga ya sami izinin zama ta wata hanya, yana kuma bukatar fara samun abin masarufi kafin ya ƙaro karatu.

A Kanada al'amarin ya sha bamban. In ban da lardin Kwibek, digiri ne matakin shiga babban lasisi. Saboda haka mai takardar shekara uku ta makarantar jinya kan iske an umurce shi da ƙaro karatu, ko kuma ya fara da ƙaramin lasisi. Mai digirin jami'a ya fi shi sauƙin wucewa.

Kowace hanya aka bi, sai an biyo ta Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, domin ita ce ke tabbatar wa hukumomin waje sahihancin takardun mai nema. A watan Fabrairun 2024 majalisar ta fito da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance shi, matakin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas. A lokacin ne magatakardan majalisar, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya 42,000 suka bar ƙasar cikin shekara uku. Ya kamata mai nema ya tabbatar da ƙa'idar da ke aiki kafin ya biya ko sisi.

Wannan ƙaura tana da nata tasiri a gida. Masu asibitoci masu zaman kansu a Zuba da kewaye suna gogayya da kasuwar da ke biya da dala, kuma duk ma'aikacin da ya tafi, sai an kashe kuɗi da lokaci kafin a horar da madadinsa.

Ga iyalin da ke shirin zuba jari, abin lura uku ne: irin takardar da ɗalibi ke riƙe da ita, sharuɗɗan jiha ko lardin da za a nufa, tunda kowanne da nasa, da kuma hanyar samun izinin zama. Wanda takardarsa ta isa babban lasisi, ya zaɓi ƙarami don gaggawa, ya sayar da hajarsa ne ƙasa da farashinta.