Labarin Ƙasa: Darasin Da Ke Cikin Rijiya

Iyaye da yawa sukan tambaya, mene ne amfanin yaro ya zauna a aji yana karatun duwatsu da ƙasa? Dutse dai ba a cinsa, ba a kuma kai shi kasuwar hatsi. To, amsar tana nan cikin rijiyar gida.

Ana fara wannan karatu tun daga ƙaramar sakandare, a darasin kimiyya da na aikin gona. A nan yaro yake sanin ire-iren ƙasa, wato rairayi da yumɓu da ƙasa mai taki. Idan ya shiga babbar sakandare sai ya tarar da darasin labarin ƙasa. Shi ne mai bayanin duwatsu da koguna da ruwan sama da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa.

Ɗalibin Unguwar Sanusi, cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, ba sai ya yi tafiya mai nisa ba kafin ya ga abin da aka koya masa. Ya tsaya kawai a inda ake haƙa rijiya, ya dubi ƙasar da ake fitarwa. Da farko baƙar ƙasa ce, ba ta da kauri. Sai jar ƙasa da marmara. Daga nan sai yumɓu. Idan aka ƙara nitsawa sai a iske ruɓaɓɓen dutse, mai marmashewa a hannu. Can ƙarƙashi kuwa dutse ne mai tauri, wanda diga ba ta iya masa. Irinsa ne ya fito fili a Kufena ta Zariya. Garin Kaduna a kan wannan dutse yake zaune.

Ina ruwan yake? Wasu suna zaton akwai tafki ko kogi a ƙarƙashin ƙasa. Ba haka ba ne a nan. Ruwan damina ne yake tsuma, ya ratsa ƙasa, ya taru a cikin ruɓaɓɓen dutsen nan da kuma tsagar dutse mai tauri, kamar yadda ruwa yake zama cikin soso. Inda ruɓaɓɓen dutse ya yi kauri, rijiya takan riƙe ruwa har bazara. Inda ba shi da kauri, sai ta ƙafe tun cikin rani. Shi ya sa maƙwabta biyu sukan haƙa rijiya, ɗaya ya dace, ɗaya ya yi asarar kuɗinsa. Don haka ne ma ake auna ƙasa da na'ura kafin a haƙa rijiyar burtsatse. A wasu wuraren Borno kuwa abin ya bambanta. Can ƙasar rairayi da yumɓu ce mai zurfi ƙwarai, har an sha haƙa burtsatse ruwa ya yi ta fitowa da kansa.

Akwai abu mafi muhimmanci. Tunda ruwan rijiya daga sama yake sauka, duk ƙazantar da ya tarar a hanya yana iya ɗauka. A unguwa mai cunkoso sau da yawa rijiya da masai suna gida ɗaya, taku kaɗan a tsakaninsu. Idan damina ta yi ƙarfi, kamar a watan Agusta, ruwan ƙasa yakan hau sama, ruwan masai ya tsiyaya cikin rijiya. Daga nan sai amai da gudawa da zazzaɓin taifot. Masana kiwon lafiya suna ba da shawara a bar tazarar mita 30, wajen taku 40 na babban mutum. Masai ya kasance a gangare, rijiya a tudu. A kuma ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi. Inda gida ya yi ƙanƙanta ga wannan tazara, a riƙa tafasa ruwan sha.

Malamin da ba shi da kayan aiki ma zai iya koyar da wannan darasi, ba sai ya cika allo da rubutu ba. Ya sa yara su kawo ƙasar gonar gidansu. A zuba ta cikin kwalba har rabi, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Rairayi zai fara kwantawa nan take. Laka ta biyo baya. Yumɓu kuwa sai ya kwana bai gama sauka ba. Ƙasar da rairayi ya fi yawa a cikinta ba ta riƙe ruwa, ita ce jigawa, ta gero da gyaɗa. Wadda yumɓu ya fi yawa tana riƙe ruwa, kamar fadamar shinkafa da rake. Mai karatu ma zai iya gwadawa a gida.

Rashin sanin dutse yakan jawo asarar rai. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Masu neman zinariya ne suke daka dutse a cikin gida, ba su san akwai gubar dalma a cikinsa ba. Ƙurar ita ce ta shiga jikin yaran.

Ga wanda ya so ci gaba da wannan karatu, Kaduna tana da hanya. Hukumar binciken duwatsu da ma'adinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1919, ta daɗe da hedkwata a Kaduna kafin a koma Abuja. A Mando kuma akwai cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, inda ake horar da ma'aikatan ruwa da masu haƙar burtsatse.