KUƊIN TARE TEKU: LABARIN TSIBIRAN TUVALU

Can tsakiyar Tekun Fasifik, tsakanin Ostireliya da Hawayi, akwai waɗansu 'yan tsibirai tara da a ke kira Tuvalu. Dā suna ƙarƙashin mulkin Ingila, sai a 1978 su ka sami mulkin kai. Faɗin ƙasar duka bai wuce murabba'in mil 10 ba, mutanenta kuwa misalin 11,000 ne. Tudun da ya fi kowane tsawo a ƙasar bai ɗara teku da fiye da ƙafa 15 ba. Mun kawo labarinsu ne domin jama'a su ga yadda a ke sarrafa kuɗin gwamnatoci wajen tsare ƙasa daga ɓarnar canjin yanayi.

ABIN DA YA SAME SU

Masana sun tabbatar hayaƙin gawayi da na man fetur da a ke ƙonawa yana taruwa a sama, ya riƙe zafin rana kamar bargo. In duniya ta ɗumama, sai ƙanƙarar ƙuryar Arewa da ta Kudu ta riƙa narkewa, ruwan teku kuma shi kansa ya kumbura. A Tuvalu teku ya hau da misalin inci 6 cikin shekara 30. Mai zaune kan tudu ya ce inci 6 ba komai ba ne, amma ga wanda gidansa ke dab da ruwa abin tsoro ne.

Lokacin babbar cikowa, wajen Fabrairu da Maris, ruwan gishiri kan ɓuɓɓugo daga ƙarƙashin ƙasa a Funafuti, babban birninsu. Ya kan shiga ramukan da su ke shuka pulaka, watau wani abinci mai kama da gwaza, ya lalata ta. Ruwan sha kuwa sai na sama da su ke tarawa a tankuna, don haka da a ka yi fari a 2011 sai da a ka kawo musu agaji daga waje. A 2015 guguwar da a ka sa wa suna Pam ta turo igiyar ruwa, ta raba kusan rabin jama'ar da gidajensu.

INDA KUƊI SU KA FITO

To, ƙasa irin wannan ba ta da harajin da zai isa ta gina ganuwa tsakaninta da teku, hayaƙin da ya jawo masifar kuma ba ita ta tayar ba. Saboda haka a taron Kofanhagen, ɗaya daga cikin manyan tarurrukan yanayi, a 2009, ƙasashe masu arziki su ka yi alkawarin tara dala miliyan dubu 100 kowace shekara daga 2020, ko da ya ke ba su cika ba sai a 2022. A 2010 kuma a ka kafa wani baitulmali na yanayi ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ofishinsa yana Koriya ta Kudu. Gwamnatoci ne ke zuba kuɗi ciki daga harajin jama'arsu. Niyyarsa ita ce rabin kuɗin ya tafi wajen rage hayaƙi, rabi wajen shirin zama da canjin da ya riga ya auku. A cikin kashi na biyun nan, aƙalla rabi na ƙananan tsibirai ne da ƙasashe matalauta da ƙasashen Afirka, watau mu ma muna da rabo.

A 2016 baitulmalin ya yarda ya ba Tuvalu dala miliyan 36, kyauta ba rance ba, Gwamnatin ƙasar ta ƙara kusan miliyan 3. A ka soma aiki a 2017. A Funafuti an yaso yashi daga ƙasan ruwa, a ka cike bakin gaɓa har a ka sami sabon fili mai tudu misalin eka 18, wanda a ka ƙare a 2023. An auna tsawonsa yadda teku ba zai hau shi ba har bayan 2100. A tsibiran Nanumea da Nanumaga kuma an yi shinge na manyan buhunan yashi don karya ƙarfin igiya.

INDA GIZO KE SAƘA

Kada mai karatu ya zaci kuɗin na zuwa da sauƙi. Kafin a saki ko kwabo sai an rubuta tsarin aiki, an yi awo, an nuna littattafan lissafi marasa aibu. Ƙaramar gwamnati kuwa ma'aikatanta kaɗan ne, shi ya sa wani sashe na Majalisar Ɗinkin Duniya ya riƙe ragamar aikin Tuvalu. Dubi tsakanin yarda da ƙare filin Funafuti, shekara 7 ke nan, teku kuwa ba ya jiran takarda. Haka kuma dole a shawarci majalisar dattawan kowane tsibiri, da hukumarta da a ke kira Kaupule, wadda ta yi kama da En'e ta dā, gama ƙasa a can ta dangi ce.

Aikin kuma bai rufe dukan gaɓa ba. A 2023 Tuvalu ta ƙulla yarjejeniya da Ostireliya, inda za a riƙa karɓar mutum 280 kowace shekara su zauna can. Da a ka buɗe rajista a 2025, dubbai su ka ba da sunayensu. Wannan ya nuna in kuɗin tsaro su ka yi jinkiri, ƙaura ce za ta riga su.

Mu dai abin da mu ka fahimta shi ne, alkawarin manyan ƙasashe ba ya zama ganuwa sai da akawu mai amana da lissafi tsab. Muna roƙon malaman makaranta su buɗe taswira su nuna wa yara Tuvalu, su gaya musu akwai mutanen da ke faman riƙe ƙasar kakanninsu da yashi da alƙalami. Allah ya taimake su.